Wane ma'aunin mota da jirgin sama ne ya dace da sojojin milimita 28?

Jikan Ɗan Bama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar wasan yaƙi a kan tebur, domin na kai wurin da na kasa gaba, kuma ba na so in ƙara kashe kuɗi a kan abin da zai ƙare a cikin kwali.

Kusan shekara guda ke nan ina haɗa ƙananan sojoji na milimita 28, ina yi musu fenti a matsayin dakarun Nijeriya da suka yi yaƙin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kwasa a lokacin, shi ya sa na zaɓi Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Rundunar Nijeriya, waɗanda aka sauke da jirgin sama a bayan Japanawa a 1944 tare da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit. Duk wanda ya san Zariya ya san barikin da ke ɗauke da sunan Chindit har yau. A yanzu ina da sojoji 34 na wannan ɓangare da malafunsu da addunansu, da Japanawa 30, da alfadarai 4, kuma ni da abokaina biyu muna bin dokokin wasan da ake kira Bolt Action a kan tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4.

Matsalar ta taso ne da na zo kan motoci da jirage. A kwalin sojoji an rubuta milimita 28, a kwalin motoci kuwa ba a maganar milimita sam, sai dai 1/72 ko 1/56 ko 1/48, ni kuma ban san yadda ake haɗa lissafin biyu ba. Na fara sayen tankar Japan ƙirar Ha-Go a hannun wani mai sayarwa ta intanet wanda ya tabbatar mini cewa za ta dace, da ta iso sai na tarar 1/72 ce, kuma da na tsayar da soja a gefenta malafarsa ta zarce saman tankar. Bayan haka wani aboki ya ba ni jif ta 1/48, ni kuma na sayo wata ta 1/56. Kowacce ita kaɗai tana da kyau a ido, amma ranar da na jera su a hanya ɗaya sai suka zama kamar uwa da 'ya, alhali kuwa mota iri ɗaya ce.

Abin da nake so in sani shi ne ma'aunin da ya kamata in tsaya a kansa wajen motoci, da kuma ko dole ne jirgin sama ya bi wannan ma'aunin shi ma. Wanda ya fi damuna shi ne jirgin Dakota, domin duk labarin waɗannan bataliyoyi a kansa ya rataya: shi ya kai su, shi ya riƙa sako musu abinci da harsasai da laima. Ina so ya kasance a teburin, amma ina tsoron ya cinye filin wasan gaba ɗaya. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya jiƙan kakanka, ya kuma yi wa wannan aiki naka albarka. Ruɗanin da ka shiga ba laifinka ba ne, domin lambobin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Idan aka ce 1/56, ana nufin kowane milimita ɗaya a jikin ƙaramar motar yana tsaye a madadin milimita 56 a jikin ta gaske, kuma wannan lissafi ne da kowa zai iya tabbatarwa da rula. Idan kuwa aka ce milimita 28, tsayin ɗan sojan kawai aka faɗa, ba a kuma gaya maka daga ina zuwa ina aka auna ba. Yawancin masu sassaƙa suna aunawa daga tafin ƙafa zuwa ido, saboda hular kwano da malafa suna ɓoye inda kai ya ƙare, wasu kuma suna aunawa har tsakar ka.

Ka ɗauki namiji mai tsayin mita 1.75, wanda idonsa zai kasance wajen mita 1.63 daga ƙasa. Idan milimita 28 ɗin zuwa ido ne, ka raba 1630 da 28, za ka sami 58, wato kusa da 1/56. Idan kuwa zuwa tsakar ka ne, ka raba 1750 da 28, za ka sami 62 da rabi. Ka ga suna ɗaya ya ba mu ma'auni biyu tun ba a je ko'ina ba. Ƙari a kan haka, sojojin suna ta ƙara girma a hankali: waɗanda ake kira milimita 25 a shekarun 1970 su ne suka koma 28, kuma a yau akwai masu kaiwa 32 da har yanzu ake sayar da su da tsohon sunan.

Ma'aunan motoci da jirage kuwa ba domin wasanmu aka ƙirƙiro yawancinsu ba. Ma'aunin 1/72 ya fito daga masu haɗa ƙananan jirage a Ingila tun shekarun 1930, inda inci ɗaya yake madadin ƙafa 6. Na 1/48 shi ne rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya. Na 1/76 da na 1/87 daga ƙananan jiragen ƙasa suka zo, na farko milimita 4 ga kowace ƙafa, na biyu milimita 3.5. Masu wasan yaƙi aro suka yi, kowane rukuni ya ɗauki wanda ya fi kusa da sojojinsa: masu milimita 20 suka riƙe 1/72 da 1/76, masu milimita 15 suka riƙe 1/100, masu milimita 6 suka rabu tsakanin 1/285 na kamfanin GHQ a Amurka da 1/300 na Heroics & Ros a Birtaniya. Na 1/56 ne kaɗai a cikin waɗanda ka ambata aka tsaya a kansa musamman saboda sojojin milimita 28, kuma shi kamfanonin Warlord Games da Rubicon Models suke fitar da motocinsu a kai.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko mota ta dace ita ce ka juya lissafin: ka auna sojanka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka da lambar ma'aunin motar, ka ga wane irin mutum ya fito. Soja mai milimita 31 a gefen motar 1/56 mutum ne mai mita 1.74, wanda za ka gamu da irinsa a kowace kasuwa. A gefen ta 1/48 ya koma mita 1.49, tsayin yaron da bai gama girma ba. A gefen tankarka ta 1/72 kuwa ya zama mita 2.23, shi ya sa ka ga malafarsa ta haye ta. Akwai kuma gwaji na biyu wanda bai dogara da tsayin mutum ba, wato bindiga. Lee-Enfield da sojojinka suke riƙe da ita tana da tsawon mita 1.13, saboda haka ya kamata ta zama milimita 20 a 1/56, kusan 24 a 1/48, kusan 16 a 1/72.

Game da jif ɗinka biyu, ta gaske tana da tsawon mita 3.36, wato milimita 60 a 1/56 da milimita 70 a 1/48. Milimita 10 ƙaramin abu ne a baki, amma bambancin yana shiga tsawo da faɗi da tsayi a lokaci guda, kashi 17 cikin 100 ta kowace fuska, har jikin babbar ya ɗara na ƙaramar da fiye da rabi. Illar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Ha-Go tana da tsawon mita 4.38, Chi-Ha, matsakaiciyar tankar Japan, kuma mita 5.5, kuma Chi-Ha ta ninka ta a nauyi. Idan ka sayi Ha-Go a 1/48 za ta zo milimita 91, Chi-Ha a 1/56 kuma milimita 98, sai ƙaramar tanka da matsakaiciya su kusa zama ɗaya, abokin wasanka ya kasa gane wadda ke fuskantarsa daga ɗaya gefen tebur. Shawarata ita ce ka tsaya a 1/56 ga duk abin da ke tafiya a ƙasa.

Mai Fenti

Malam, lissafinka daidai ne, ban kuma ga inda zan soke shi ba, amma ina neman izini in saɓa maka a hukuncin da ka yanke, domin ni shekara da shekaru 1/48 nake amfani da shi tare da sojojin milimita 28, kuma ba da kuskure na zaɓe shi ba.

Ka auna sojan ne a tsaye a ƙasa, alhali a teburin wasa babu sojan da ke taka ƙasa. Kowanne yana kan ɗan faifansa mai faɗin milimita 25, wanda kaurinsa milimita 2 ne, wani lokaci 3 idan an zuba masa yashi da ciyawa, sojan dalma kuma yana zuwa da wani ɗan tudu a ƙarƙashin takalmansa. Motar kuwa tayoyinta a kan tebur suke kai tsaye. Mu maimaita lissafinka da faifan a ciki: milimita 31 da 3 sun zama 34. A gefen motar 1/56 wannan mutum ne mai mita 1.90, a gefen ta 1/48 kuma mai mita 1.63. Ka ga yanzu gaskiyar ta faɗo tsakiya, kuma ga sojan da ya kai milimita 32 ko 33 tun daga hannun mai sassaƙa, 1/48 ne ya fi kusa.

Abu na biyu shi ne jiki. Masu sassaƙa suna ƙara wa kai da tafin hannu da bindiga kauri da gangan, domin fuska ta fito daga nesa, bakin bindiga kuma kada ya karye a yatsun mai wasa. Mutum mai tsayin 1/56 sai ka same shi da kafaɗa da kai na 1/48. Na taɓa tsayar da wani sajan na dalma a gefen jif ta 1/56, na duƙa na sa idona daidai da tebur, sai na ga tafin hannunsa ya kusa rufe rabin sitiyari, ban kuma ga ta yadda mutum huɗu irinsa za su zauna a cikinta ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma ido ba tsayi kaɗai yake dubawa ba, yana duba cikar jiki. Sojoji siraran jiki irin na kamfanin Perry Miniatures suna zama lafiya da 1/56, masu kauri kuwa sun fi zama da 1/48 ko motocin ƙarfe na 1/50 irin waɗanda kamfanonin Corgi da Solido suka yi.

Inda na yarda da Malam ba tare da ja ba shi ne maganar gauraye. Ɗan'uwa mai tambaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ka zaɓi ɗaya ka riƙe. Idan dole ta sa ka gauraya saboda abin da kake nema babu shi a ma'auninka, to kada ka haɗa mota iri ɗaya a ma'auni biyu, kada kuma ka haɗa biyu da kowa ya san wadda ta fi girma. Babbar motar ɗaukar kaya ta 1/50 za ta iya wucewa a gefen tankar 1/56 ba wanda ya lura, domin mutane kaɗan ne suka riƙe girman irin waɗannan motoci a ka. Jif biyu kuwa ba za su taɓa ɓoyuwa ba, kamar yadda ka gani da idonka. Ka kuma lura da ƙananan kaya, domin su ne suke tona asiri: jarkar mai tsayinta santimita 47 ne, wato milimita 8.4 a 1/56 da kusan 10 a 1/48, saboda haka ka ɗauki jarkoki da akwatuna da ganguna daga tushe ɗaya ka raba wa duk motocinka.

Idan ka bi shawarar Malam, akwai gyara mai sauƙi da zai kashe rabin gardamar nan. Ka yanka wa kowace mota falle na roba ko kwali mai tauri, mai kauri daidai da faifan sojojinka, ka manna ta a kai, ka zuba masa irin yashin da ka zuba musu. Da zarar mota da soja sun hau tudu ɗaya, lissafin Malam na mita 1.74 ya dawo daidai. Kamfanin Tamiya na da motoci da tankoki masu kyau a 1/48, amma an yi su ne domin masu ajiyewa a kabad, suna da ƙananan sassa masu saurin ɓallewa, alhali na 1/56 an yi su ne da sanin cewa hannu zai riƙa ɗaukarsu kullum. Wannan ma abin dubawa ne kafin ka yanke.

Tsohon Makanikin Jirgi

Ɗana, na bar maganar motoci ga waɗanda suka fi ni saninta, zan tsaya a kan jirage. Amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a, ba dole ba ne jirgi ya bi ma'aunin motoci, kuma dalilin yana cikin teburin kansa.

Teburinka santimita 183 ne a tsawo, 122 a faɗi. Ka ninka su da 56, za ka sami mita 102 da mita 68, wato kusan daidai da filin ƙwallon ƙafa guda ɗaya. Jirgin da ke gudun kilomita 400 a sa'a yana shafe mita 111 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka kafin ka ƙifta ido ya shiga filin ya fita. Dokokin da kuke bi ma ba su auna nisa da ma'aunin sojojin ba: doguwar bindigar soja tana kaiwa inci 24 a wasan, wanda a 1/56 mita 34 ne kacal, alhali ta gaske tana kai ɗaruruwan mitoci. An matse ƙasa tun farko domin yaƙin ya shiga ɗaki. Jirgin da ke sama a irin wannan tebur alama ce da ke nuna cewa an kira taimako ta sama kuma ga inda zai faɗa, ba abu ne da soja zai jingina da shi ba.

Haka kuma sandar da ake ɗora jirgin a kai ba ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba, wato mita 8 zuwa 11 a ma'aunin sojojinka, tsayin bishiyar ɗorawa. Idan ka ɗora jirgi mai cikakken girma a wannan tsayi, ido zai ga yana shirin sharar malafun mutane. Idan kuwa ka sa ƙarami, ido da kansa zai ɗauka nisa ne ya rage shi, kamar yadda shirwa take ƙanƙancewa idan ta yi sama. Masu yin wasanni sun san haka: a wasan Flames of War sojoji da tankoki 1/100 ne, amma jiragen yaƙin da aka daɗe ana sayarwa tare da su 1/144 ne. Ga sojojin milimita 28, ma'aunin 1/72 ne ya fi dacewa da jirgi mai inji ɗaya da ke sama, ga shi kuma shi ne mafi sauƙin samu da araha.

Ga lambobin jiragen da suka shafi yaƙinka. Dakarun Chindit a 1944 sun sami taimakon wani rukuni na rundunar saman Amurka da Philip Cochran ya jagoranta, mai jiragen Mustang da B-25 da ƙananan L-5 masu kwashe raunana, ban da jiragen Birtaniya. Mustang yana da mita 11.28 daga wannan bakin fiffike zuwa wancan, wato santimita 15.7 a 1/72 da 23.5 a 1/48. Hurricane na Birtaniya mita 12.19 ne, santimita 17 a 1/72 da 25.4 a 1/48. Na Japanawa, Ki-43, yana zuwa wajen santimita 15 a 1/72. B-25 kuwa mai inji biyu ne, fukafukansa mita 20.6, ko a 1/72 ya haura santimita 28, zai tare muku gani kuma hannun riga zai riƙa kaɗe shi duk lokacin da wani ya miƙa hannu ya matsar da soja. Irinsa gara a saukar da shi zuwa 1/144, ya dawo santimita 14.

Dakota kuwa sai ka fara tambayar kanka aikin da zai yi a wasan. Fukafukansa mita 29.1 ne, tsawonsa mita 19.4. Idan yana sama yana sako kaya, 1/144 ya wadatar, santimita 20 ne, ka rataya masa 'yan laimomi biyu ko uku a kan sirarar waya, kowa zai gane abin da ke faruwa. Idan kuwa yana ƙasa, dokar ta juya gaba ɗaya, domin ya tashi daga alama ya koma kamar gini: sojoji za su tsaya a ƙofarsa, su fake a ƙarƙashin fiffikensa, a fito da alfadarai daga cikinsa. A nan 1/72 ba zai yi ba, duk da cewa kamfanonin Airfix da Italeri suna da shi a wannan ma'auni, domin sojanka a kan faifansa zai zama mutum mai mita 2.45 a bakin ƙofar. Na 1/48, irin wanda kamfanin Monogram ya fitar da daɗewa Revell kuma ya ci gaba da sayarwa, shi ne zai zauna da su, amma faɗinsa ya haura santimita 60, rabin faɗin teburinka ke nan, tsawonsa kuma santimita 40.

Abin da na yi a nawa teburin shi ne na ƙi sa jirgin a tsakiya. Na ajiye shi a kusurwa, hancinsa da fiffike ɗaya sun fita waje a kan wani ƙaramin benci da na jingina da tebur, ƙofar kaya da wutsiya kawai ke cikin filin wasa, kuma wasan ya zama na kare wannan kusurwa har a gama sauke kaya. Wannan ya dace da tarihin bataliyoyinka, domin an yi amfani da su wajen tsare sansanonin Chindit a Bama da aka sa wa suna Aberdeen da White City, waɗanda rayuwarsu ta dogara da filayen saukar jirage. Wani abokina kuma ya ɗauki Dakota na 1/48 ya yanka shi gida uku, ya ƙona gefunan da fenti baƙi, ya mai da shi tarkacen jirgin da ya faɗi a daji. Gangar jiki ita kaɗai ba ta cin wuri, kuma tana ba da mafaka mai kyau. Kafin ka sayi komai, ka zana siffar jirgin daga sama a kan kwali da lambobin da na ba ka, ka yanke, ka shimfiɗa a tebur tsakanin bishiyoyinka, ku yi wasa ɗaya da shi a haka. Kuɗin kawo babban kwali daga waje ba ƙarami ba ne, gara ka gani tukuna.

Jikan Ɗan Bama

Malam, Yaya Mai Fenti, Baba, na gode ƙwarai da wannan karamci. Jiya da daddare na ɗauko rula na auna sojoji goma. Daga tafin ƙafa zuwa ido yawancinsu milimita 28 ne, zuwa inda nake jin kai ya ƙare a cikin malafa kuma 31, faifan da yashinsa milimita 3. Bindigoginsu kuwa milimita 22 ne, kuma da na raba 1130 da 22 sai na sami 51. Wato tsayinsu yana bayan Malam, bindigarsu tana bayan Yaya. Na yanka kwalin Dakota na 1/48 kamar yadda Baba ya ce, na kuma ga cewa a kusurwa kaɗai zai zauna, saboda haka na yanke in fara da na 1/144 a sama, in bar babban sai na sami hali.

Saura abu ɗaya. Wani abokina yana da na'urar da ke fitar da siffofi ta 3D, ya ce zai iya buga mini mota a kowane girman da nake so. Shin in nemi ya buga mini a wajen 1/52, tsakanin ma'aunan biyu? Kuma yaya zan yi da direban da ke cikin jif, wanda kansa ya fi na sauran sojojin ƙanƙanta sosai?

Mai Fenti

Ƙanena, awon da ka yi ya fi duk maganganunmu amfani, kuma ma'aunin 1/52 zai zauna da waɗannan sojoji sosai. Lissafin da za ka ba abokinka shi ne ya raba lambar ma'aunin da aka zana motar a kai da lambar wanda kake so. Idan zanen na 1/56 ne, 56 a raba da 52 ya ba da kashi 108 cikin 100, jif ɗin za ta fito kusan milimita 65. Idan zanen na 1/72 ne, kashi 138 zai sa. Ka guji ɗauko zanen 1/100 a kumbura shi har haka, domin an riga an ƙara wa bakin bindiga da sarƙar tanka kauri saboda ƙanƙantarsu, kuma kaurin zai ninku tare da motar.

Sai dai ka sani cewa da wuya ka sami kamfanin da zai sayar maka da mota a 1/52, saboda haka duk motar da za ka ƙara nan gaba sai ta bi ta na'urar abokinka. A wurinka wannan ba babban nauyi ba ne, domin dakarun Chindit ba su shiga daji da tankoki ba, a ƙafa suka yi yaƙinsu da alfadarai, motocin da za ka buƙata ba su wuce jif ɗaya ko biyu da ƙaramar tanka ta ɓangaren Japanawa ba. Amma idan kana da niyyar faɗaɗawa zuwa Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma a yankin Arakan na Bama a 1945, ko ka yi wasa da wasu da suka riga suka tara motocin 1/56, to ka tsaya a 1/56 ɗin ka ɗora su a kan falle kamar yadda na faɗa a baya.

Direba kuwa gyaransa ba wuya. Ka cire kan da ya zo da shi da wuƙa mai kaifi, ka ɗauko kai mai malafa daga irin na sojojinka, ka huda wuya da siririn abin huji, ka sa guntun waya a tsakani kafin ka ɗiga gam, domin kada ya ɓalle. Mutumin da ke zaune ba a ganin tsayinsa, kai da hannuwa kawai ake gani, kuma da zarar kan ya zama irin na 'yan'uwansa ido ya karɓe shi. Idan cinyoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin sitiyari, ka kankare bayansu da ƙasan kujerar kaɗan kaɗan kana gwadawa, ka kuma yi masa fenti a waje kafin ka zaunar da shi, domin buroshi ba ya kaiwa ƙirjinsa bayan an manna gilashin gaba.